Wa ya fara gano cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malamanmu. A aji an koya mana cewa Edwin Hubble ne ya gano sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1929. Jiya sai wani ya turo mini bidiyo ana cewa ba haka ba ne, wai wani fada na cocin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga shi da shekara biyu, kuma wai da aka fassara takardarsa zuwa Turanci sai aka datse wurin da ke nuna haka don a rufa wa Hubble asiri. A ƙarshen bidiyon an ambaci wani Helge Kragh, wai masanin tarihin fiziks. To zancen satar nan gaskiya ne? Sannan shi masanin tarihin fiziks ɗin, mene ne aikinsa takamaimai? A sanina fiziks lissafi ne da gwaji, in amsa ta fito ta fito, ina ruwanta da wanda ya riga wani?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Aikin wanda fiziks ya kayar ne, ya koma ba da labarin waɗanda suka ci 😂

MalamFiziks:
Sarki, ka fara ke nan tun ba a shimfiɗa tabarma ba. Kragh ɗan Denmak ne, an haife shi a 1944, kuma fiziks ya karanta a Jami'ar Kofanhagen kafin ya juya ga tarihinsa. Ya yi shekaru yana farfesa a Jami'ar Aarhus. Mutumin da ya rubuta tarihin rayuwar babban masanin fiziks Paul Dirac da aikinsa ba za ka ce lissafi ya kayar da shi ba, don ba ka iya bayyana abin da Dirac ya yi sai ka iya bin lissafinsa layi-layi.

Ɗan_Fagge, ɗana, bari in jero maka mutanen, don ba biyu ba ne kamar yadda bidiyon ya nuna.

Akwai Vesto Slipher a cibiyar duba taurari ta Lowell da ke Arizona. Idan aka baje hasken wani abu na sama zuwa launukansa, akwai layuka da kowane sinadari ke bari a wuraren da aka sani. In abin yana nisantar mu sai layukan su gusa wajen ja, in yana matsowa su gusa wajen shuɗi. Slipher ya fara auna wannan a 1912 da Andromeda, wadda gungun taurari ce, ya ga ita kusantowa take yi da gudun kusan kilomita 300 a daƙiƙa. Zuwa 1917 ya auna irinta guda 25, kuma mafi yawansu guduwa suke yi daga gare mu.

A wannan shekarar ta 1912 Henrietta Leavitt a Harvard ta nuna cewa akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma tsawon lokacin zagayen yana gaya maka ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ainihin ƙarfin, ka ga kuma yadda ya dushe kafin ya iso gare ka, ka san nisa. Da wannan ma'aunin Hubble ya yi aiki.

Sai Alexander Friedmann ɗan Rasha, wanda a 1922 ya nuna cewa lissafin Einstein ya yarda da sararin da ke faɗaɗa ko yake tsukewa. Einstein ya fara cewa akwai kuskure a lissafin, a 1923 ya janye maganarsa. Friedmann ya rasu a 1925, bai haɗa lissafinsa da abin da masu duba taurari ke gani ba.

Lemaître ne a 1927 ya haɗa biyun. Ya ce gudun da Slipher ya gani faɗaɗar sararin ce kanta, ya fitar da cewa gudu yana tafiya daidai da nisa, har ya ƙiyasta lambar, wajen 625. Hubble a 1929 ya fito da nasa awon, ya sami wajen 500. Ma'anar lambar ita ce kilomita nawa a daƙiƙa gudun ke ƙaruwa a kowane nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26. Yau lambar tana wajen 70, wato dukansu biyun sun yi nisa da ita ƙwarai.

Bamaraɗe:
Na gode Malam. In ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu na masu karatun Faransanci. Takardar 1927 da Faransanci Lemaître ya rubuta ta, ya buga ta a mujallar wata ƙungiyar kimiyya ta Burusel wadda manyan masu ilimin taurari na Ingila da Amurka ba su cika dubawa ba. Na taɓa karanta ta, ba ta da tsawo, kuma lambar nan tana ciki ƙarara. Abin mamakin shi ne har malaminsa na Kambirij, Arthur Eddington, an aika masa da ita ya ajiye ya manta. Sai a 1930 da Eddington ya tsaya a taro a Landan yana neman mafita ga wannan matsala, Lemaître ya rubuto masa yana tuna masa cewa ai ya riga ya warware ta. Daga nan aka shirya fassarar 1931.

Ɗan_Fagge:
To ai shi ke nan, sata ta tabbata. A fassarar ne aka datse.

Tauraruwa92:
Ƙanena, tsaya tukuna. Datsewa an yi, babu musu, sakin layin da ke ɗauke da ƙiyasin lambar ba ya cikin ta Turancin. Tambayar ita ce hannun wa. A 2011 wasu masana sun tayar da maganar, har aka riƙa zargin ko editan mujallar ne, ko Hubble ne ya sa baki. Sai wani masanin ilimin taurari, Mario Livio, ya je ya bi wasiƙu da bayanan zaman ƙungiyar masu ilimin taurari ta Ingila na wancan lokacin. Ya tarar da wasiƙar da Lemaître ya rubuta wa editan, William Smart, a watan Maris na 1931. A ciki ya nuna shi da kansa ya yi fassarar, kuma shi ya ga bai dace a sake buga wancan lissafin wucin gadi na gudun ba, tunda an riga an sami awon da ya fi shi. Livio ya buga wannan a mujallar Nature a ƙarshen 2011. Wanda ya haɗa bidiyonka ya tsaya ne a zargin, bai kai ga wasiƙar ba, ko kuma ya kai ya ga za ta ɓata masa labari.

Sarkin_Gardama:
Wasiƙa ɗaya ce za ta wanke su? Ƙaramin fada daga ƙaramar ƙasa yana rubuta wa manya a Landan, me kike so ya ce? Wa ya san abin da aka raɗa masa a kunne kafin ya ɗauki alƙalami?

Baba_Tarihi:
Sarkin_Gardama, tambayarka ba ta banza ba ce, ita ce tambayar farko da muke koya wa ɗalibi ya yi wa kowace takarda: wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, me yake tsoro, me yake nema. Amma akwai ta biyu da take biye da ita, wadda masu son labarin makirci ba sa yi: ina shaidar abin da nake zargi? Wasiƙar editan da ta nemi a yi fassarar ita ma tana nan, kuma abin da ke cikinta gayyata ce, har da cewa in yana da ƙari a kan batun ya kawo a buga. Lemaître ya rayu har 1966, ya zama babban mutum, ya shugabanci majalisar kimiyya ta Fadar Paparoma. Shekara 35 yana da bakin magana bai ce an danne shi ba. Wanda ya ce an raɗa masa wani abu a kunne, shi zai kawo mana takarda.

Ni ban san fiziks ba, tarihin ƙasar Hausa na koyar har na yi ritaya. Amma da na ji yadda Tauraruwa ta kwatanta aikin, sai na ga sana'armu ce sak. Ka zauna da fayil mai ƙura, ka karanta wasiƙa ɗari da ba su da amfani don ka sami guda ɗaya. Mun yi haka a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, muna gwada abin da Razdan ya rubuta wa Gwamna da abin da dattawan gari suka riƙe a ka. Bambancin kawai shi ne su nasu fayil ɗin cike yake da lissafi, dole mai karantawa ya iya gane inda marubucin ya yi tuntuɓe.

Uwar_Biyu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma ku gafarce ni, har yanzu ban ji amsar yaron nan ta biyu ba. An gano wa ya datse, to sai me? Ni injiniya ce, dokar Ohm nake aiki da ita kullum, ko sunan wa aka sa mata wayar wuta ba za ta canza hali ba.

Tauraruwa92:
Hajiya, ai abin da Kragh ya yi ya wuce neman wanda za a ɗaura wa rawani. A 2003 shi da Robert Smith sun rubuta maƙala a kan wannan tambayar ta wa ya gano faɗaɗar. Abin da suka nuna ya fi zancen sata ban mamaki: Hubble kansa bai taɓa tsayawa ya ce sararin samaniya yana faɗaɗa ba. Ya auna dangantakar nisa da gusawar layukan, amma har ya rasu a 1953 yana kaffa-kaffa da fassarar, yana barin ƙofa a buɗe ko wani dalili ne daban ke sa hasken ya yi ja. Sai bayan rasuwarsa, sannu a hankali, littattafan makaranta suka mayar da shi wanda ya gano abin da shi kansa bai yi iƙirari ba. To kin ga an koya mana cewa mutum ya leƙa madubin hangen nesa ya ga sama tana buɗewa. Ba a ganin faɗaɗa da ido. Layuka ake gani sun gusa, sai an zo da ka'ida kafin su zama faɗaɗa. Ɗalibin da bai san wannan ba bai san yadda fiziks ke aiki ba, ko da ya haddace lissafin.

MalamFiziks:
Wannan ita ce maganar. Kuma a takardar 1929 mafi yawan awon gudun da Hubble ya yi amfani da su na Slipher ne, bai ambaci sunansa ba a ciki. In ana neman wanda aka yi wa rowar yabo, ni Slipher zan fara nunawa kafin fada.

Ɗan_Zongo:
Ku kuna ta manya, ni Milton Humason ne mutumina. Ya bar makaranta yana yaro, ya yi aikin korar alfadarai masu hawa da kaya Dutsen Wilson lokacin da ake gina wurin, daga baya aka ɗauke shi mai shara. A hankali ya zama shi ne ke kwana a gaban madubin nan mai faɗin inci 100 yana ɗauko hasken gungun taurari masu nisa da Hubble ya dogara da su. Ko a nan Kumasi in na ba yara labarinsa sai ka ga sun gyara zama.

Almajirin_Zaure:
Salamu alaikum. Ni duk wannan jayayya ban ga amfaninta ba. Allah Maɗaukaki ya riga ya faɗa a Suratuz Zariyat, aya ta 47, cewa shi ya gina sama da ƙarfi kuma shi ne mai yalwatawa. Shekara kusan 1300 kafin Hubble da fadan duka. Nasu dai tabbatarwa ne.

Uwar_Biyu:
Na san za a zo nan. Ba a taɓa yin zancen sama a zauren nan ba a zo nan ba.

Baba_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, ba na ja da aya, kuma ba ni da ilimin da zan yi tafsiri. Abin da zan ce na sana'ata ne. Malaman tafsiri na farko sun karanta ayar nan ɗaruruwan shekaru, suka fassara ta da iko da yalwa da girman halitta. Fassarar da kuke kawowa ta yaɗu ne bayan masu ilimin taurari sun yi magana. Wannan bai rage wa ayar komai ba. Amma akwai haɗari a ɗaura aya a jikin ka'idar da gobe awo zai iya gyara ta.

MalamFiziks:
Kuma abin dariyar shi ne Kiristoci sun riga mu shiga wannan rami, Lemaître ne ya yi ƙoƙarin fito da su. A 1931 ya kawo ra'ayin cewa komai ya faro ne daga wani dunƙule guda na farko. A watan Nuwamba na 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa kimiyyar zamani ta zo ta gaskata labarin halitta. Kowa zai zaci fada zai yi murna. Bai yi ba. Ya ga cewa in an jingina imani a kan ka'idarsa, ranar da ka'idar ta girgiza imanin mutane zai girgiza tare da ita, sannan abokan aikinsa za su ce wa'azi yake yi da lissafi. Matsayinsa shi ne ka'idar ba ta tilasta wa mai imani ko marar imani komai ba.

A lokacin kuwa ka'idar tana girgiza da gaske. Da lambar Hubble ta 500, in ka juya lissafin baya, shekarun sararin samaniya ba su wuce biliyan 2 ba, alhali masu nazarin duwatsu suna samun shekarun da suka kai haka ko suka fi a doron ƙasa. Ɗa ya girmi ubansa ke nan. Sai a 1952 Walter Baade ya nuna cewa an haɗa taurari iri biyu a ma'aunin nisan, aka ninka nisan, daga baya Allan Sandage ya ƙara gyarawa. Yau ana cewa shekara biliyan 13.8.

Almajirin_Zaure:
Na ji Malam. Amma ni ban ce imanina yana jiran Hubble ba. Cewa na yi in gaskiya ta haɗu da gaskiya ba laifi a faɗa.

Mai_Unguwa:
Jama'a a yi hattara. Kowa ya faɗi nasa cikin ladabi, kuma tambayar Ɗan_Fagge a kan tarihi ce. Mai son muhawarar tafsiri ya buɗe nasa zaren.

Bamaraɗe:
To in dawo da mu. Abin da ya fi burge ni a aikin Kragh shi ne bai yarda a rubuta tarihi kamar kowa ya san inda za a ƙare ba. Littafinsa na 1996, Cosmology and Controversy, kusan rabinsa a kan waɗanda suka sha kaye ne. A 1948 Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold suka ce sararin yana faɗaɗa, amma ba shi da farko, sabon abu yana samuwa kaɗan-kaɗan yana cike gurbin da faɗaɗar ta bari, don haka kullum kamanninsa ɗaya. Yau ana ba da labarinsu kamar masu taurin kai. Amma ku duba abin da Malam ya faɗa yanzu a kan matsalar shekaru. A 1948 mai hankali zai iya zaɓar ɓangaren Hoyle ba tare da ya ji kunya ba. Kuma ka'idarsu ta faɗi abin da za a iya aunawa a ƙaryata ta, shi ya sa Martin Ryle ya yi ta ƙirga maɓuɓɓugan rediyo na sama a Kambirij don ya kayar da ita. Hoyle ɗin ne ma ya fara furta sunan Big Bang, wato babbar fashewa, ga ra'ayin cewa komai ya faro daga dunƙule guda, a rediyon BBC a 1949, kuma har ya rasu a 2001 bai sallama ba.

Sarkin_Gardama:
Hoyle nawa ne ashe. Allah ya ba mu irin zuciyarsa.

Uwar_Biyu:
Kai dai ka samu ɗan'uwa. Wa ya tuna labarin tattabarun nan? Shi kaɗai na riƙe daga jami'a.

Tauraruwa92:
Arno Penzias da Robert Wilson ne Hajiya, a kamfanin Bell da ke New Jersey. Suna da wata babbar eriya mai kamar ƙaho, tana ta kawo musu wani shuu da ba ya ƙarewa, ko ina suka juya ta, dare da rana. Suka zargi tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka kore su suka goge kashinsu, ƙarar tana nan. A 1965 aka gane ragowar zafin farkon sararin samaniya ne, wanda yau aka auna shi digiri 2.7 sama da sanyin da babu na ƙasa da shi. Sun sami Nobel a 1978.

Ga inda mai tarihi ke shigowa. Tun 1948 Ralph Alpher da Robert Herman sun lissafa cewa ya kamata a sami irin wannan ragowar, suka ce wajen digiri 5. Aka manta da su sarai, har ƙungiyar Robert Dicke a Princeton ta sake lissafa abin daga farko. Me ya sa hasashe mai girma haka ya kwanta shekara 17 babu wanda ya je nema? Wannan tambayar lissafi ba ya amsa ta. Sai ka duba wa ke karanta wace mujalla, su wa ke ganin nazarin asalin sararin samaniya a matsayin kimiyya ta gaske a lokacin, da ko masu eriya da masu ka'ida suna ma magana da juna. Ni da nake digiri na biyu, wannan ya fi tsorata ni fiye da kowace jarrabawa, don ban san wace takarda ce ke kwance yau ba wanda ya kula ta.

Ɗan_Fagge:
Anti Tauraruwa, to maganar da ake cewa Einstein ya ce wani abu da ya saka a lissafinsa shi ne babban kuskuren rayuwarsa fa? Ita ma ƙarya ce?

Baba_Tarihi:
Wannan na san ta, don jikata ta taɓa kawo mini ita. A nan Almajirin_Zaure zai fi mu jin daɗi, don aikin masu hadisi ne: a duba isnadi. Ba a sami maganar a rubutun Einstein ko ɗaya ba. Wanda ya yaɗa ta George Gamow ne, a 1956, bayan Einstein ya rasu, kuma Gamow mutum ne da ya shahara da barkwanci da ƙara wa labari gishiri. Shi ya sa Livio ɗin nan ya yi shakkar ta. Daga baya wasu masu bincike suka kawo cewa John Wheeler da Alpher su ma sun ba da labarin sun ji makamancin haka. To riwaya ta sami masu ƙarfafa ta, amma duka tunawa ce ta bayan shekaru. Ni a ajina zan ce a karɓe ta da taka-tsantsan, kada a sa ta cikin alamar zance kamar an ɗauka a faifai.

MalamFiziks:
Baba kun gama magana. In ƙara: abin da ya saka ɗin a 1917 ne, don ya tsayar da sararin cik, kuma a 1998 da aka gano faɗaɗar tana ƙara sauri sai aka koma aka ɗauko shi. Sannan wani malami ɗan Ailan, Cormac O'Raifeartaigh, ya tono wani rubutun Einstein na 1931 da ba a buga ba a cikin takardunsa da ke Jami'ar Hibru ta Ƙudus. An daɗe ana zaton daftarin wata takarda ce da aka sani. Da ya bi lissafin sai ya ga Einstein yana gwada ra'ayi irin na su Hoyle ne, shekara 17 kafin su, ya ga kuskure a lissafinsa ya watsar. Sarki, wanda fiziks ya kayar ba zai gane wannan ba, zai wuce takardar kamar yadda wasu suka wuce ta.

Bagusaje:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma an ambaci Eddington. Shi ne wanda ya zo Afirka kallon husufi ko? Ina Gusau a husufin 29 ga Maris 2006, da safe gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Tun ranar nake mamakin yadda mutum zai tsaya yana awo a irin wannan lokaci.

Tauraruwa92:
Shi ne. Tsibirin Principe, a tekun Gini, ba nisa sosai da gaɓar Najeriya, ranar 29 ga Mayu 1919. Wata tawagar kuma ta je Sobral a Birazil. Einstein ya ce nauyin rana zai lanƙwasa hasken taurarin da ke wucewa gefenta da daƙiƙar kusurwa 1.75 (daƙiƙar kusurwa ɗaya kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri), lissafin Newton ya ba da rabin haka. Hadari ya dami Eddington, hotuna kaɗan ne suka yi kyau, ya sami wajen 1.6. Madubi ɗaya na Sobral ya ba da 1.98, ɗayan ya ba da ƙasa da 1, aka ajiye na ƙarshen gefe. A 1980 John Earman da Clark Glymour suka ce son Einstein ne ya sa aka jefar da awon da bai dace da shi ba, kuma zargin ya shiga littattafai. Sai Daniel Kennefick ya koma kan takardun ya nuna cewa mutanen Frank Dyson a Greenwich ne suka yanke shawarar, ba Eddington ba, kuma suna da dalili, hotunan madubin sun dushe. An ma sake auna gilasan hotunan a ƙarshen shekarun 1970 da na'urar zamani, sakamakon ya matso kusa da na Einstein.

Sarkin_Gardama:
Kun gani ko? Masu tarihin ma junansu suke ƙaryatawa. Wannan ya ce an yi maguɗi, wancan ya ce ba a yi ba. To wa za mu bi?

Baba_Tarihi:
Wanda ya buɗe fayil ya nuna maka shafi, har sai wani ya buɗe wanda bai gani ba. Masu fiziks ɗin ma daga 500 suka sauko 70, ba ka ce a rufe sashensu ba.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Amma in jarrabawa ta zo, wannan dokar ta nisa da gudu, da sunan wa zan rubuta ta?

MalamFiziks:
A 2018 ƙungiyar masu ilimin taurari ta duniya ta tattauna batun a babban taronta na Biyana, daga baya mambobi suka kaɗa ƙuri'a ta intanet. Mutum 4,060 suka jefa, kashi 78 cikin 100 suka amince a riƙa cewa dokar Hubble da Lemaître. Shawara ce, ba tilas ba. Kai dai rubuta abin da ke littafin da malaminka ya ba ka, in akwai fili ka ƙara sunan Lemaître.

Tauraruwa92:
Malam, kada a manta Kragh ɗin da bidiyon ya jingina da shi yana cikin waɗanda suka soki wannan ƙuduri. Ya ce tarihin da aka kafa hujja da shi yana da rauni, misali zancen cewa Hubble da Lemaître sun tattauna batun a taron Leiden na 1928, babu takardar da ta tabbatar. Kuma akwai bambanci tsakanin faɗaɗar da dokar. Lemaître ya fitar da dangantakar daga ka'ida, amma awon da ke hannunsa ya warwatse da yawa, bai isa ya nuna ta ba, shi ma ya san haka. Hubble da Humason ne suka kafa ta da awo, musamman a 1931. Ni zan ba Lemaître faɗaɗar in bar wa Hubble dokarsa.

Bamaraɗe:
A nan ban bi ki ba 'yar'uwa. Wanda ya rubuta dangantakar, ya faɗi dalilinta, ya fitar da lambarta shekara biyu kafin kowa, a ce sunansa bai cancanci hawa kanta ba? Da da Turanci ya rubuta a mujallar Landan, da ba mu zauna muna wannan zancen ba.

Uwar_Biyu:
In dai adalci ake nema sai a sa Slipher da Friedmann da Leavitt da mai alfadaran Ɗan_Zongo, sunan ya cika layi biyu. Ni har yanzu ina kan bakata, a kira ta dokar nisa da gudu kowa ya huta. Kuma ƙuri'a ba ta yanke abin da ya faru a 1927, mutum 4,060 ɗin nan nawa ne cikinsu suka karanta takardar Faransancin?

Sarkin_Gardama:
Hajiya yau mun haɗu a layi ɗaya. Bamaraɗe, tunda kai ka karanta ta, fassara mana sakin layin da aka datse zuwa Hausa ka liƙa a nan, mu gani da idonmu ko awon ya warwatse kamar yadda Tauraruwa ke faɗa.

Bamaraɗe:
Sai na dawo daga kasuwa. Amma lissafin cikinsa Tauraruwa za ta duba mini, kada Sarki ya ce na ƙara gishiri.